Sinadarin Naitret a Ruwan Rijiya: Bayani ga Al'ummar Goronyo, Wurno da Rabah

Gabatarwa

Naitret wani sinadari ne mai narkewa a ruwa kamar gishiri, wanda ya ƙunshi naitirojin da oksijin. Shi ne babban abincin da shuka ke sha daga ƙasa, kuma dominsa ne manomi ke zuba taki a gona. Amma idan ya yi yawa a cikin ruwan sha, yana zama haɗari ga lafiya, musamman ga jarirai. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, saboda haka ruwan da ke ɗauke da shi yana iya kasancewa garau a ido. Wannan bayani ya ƙunshi yadda naitret ke shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin Madatsar Ruwa ta Goronyo, illarsa, hanyoyin da aka sani na cire shi, da kuma matsayin sabuwar fasahar nano da masana ke gwadawa a halin yanzu.

Madatsar da ƙasar da ke kewaye da ita

An gina Madatsar Ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, a gabashin Jihar Sakkwato. An kammala ginin a shekarar 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Tana iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma tana ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ruwan da ake saki daga gare ta shi ne ke ciyar da aikin noman rani na tsakiyar kwarin Rima, ya ratsa fadamun Goronyo da Wurno, ya isa birnin Sakkwato inda ake tace shi domin sha.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa a wannan yanki iri biyu ne. Na farko shi ne na fadama, wanda ke kwance cikin yashi da lakar da gulbi ya tara, kuma ana cim masa da ɗan haƙa kaɗan. Daga shi ne rijiyoyin gargajiya da ƙananan rijiyoyin burtsatse na masu lambu ke ɗiba. Irin waɗannan ƙananan rijiyoyi sun yawaita tun bayan fara Shirin Raya Fadama na Ƙasa a farkon shekarun 1990. Na biyu shi ne ruwa mai zurfi da ke cikin shimfiɗun duwatsun da masana ke kira Rukunin Rima, wato shimfiɗar Taloka, ta Dukamaje da ta Wurno, waɗanda aka raɗa wa sunayen garuruwan wannan yanki. Ruwan fadama ya fi sauƙin samu, kuma shi ya fi sauƙin gurɓata, domin babu wani kauri na yumɓu tsakaninsa da abin da ake zubarwa a doron ƙasa.

Yadda naitret ke shiga rijiya

Hanya ta farko ita ce takin zamani. Yankin ya shahara da noman albasa, tafarnuwa, shinkafa, alkama, tumatir da barkono, kuma dukansu ana ba su yuriya da NPK. Idan aka zuba yuriya a ƙasa mai laima, wasu ƙwayoyin bakteriya kan juya ta zuwa amoniyam, sannan zuwa naitrayit, daga nan zuwa naitret. Ƙwayoyin yumɓu suna riƙe amoniyam, amma ba sa riƙe naitret. Dalili kuwa shi ne yumɓu da naitret suna ɗauke da cajin lantarki iri guda, wanda ake yi wa alamar ɗebewa, kuma abubuwa masu caji iri guda tunkuɗe juna suke yi. Saboda haka duk naitret ɗin da saiwa ba ta sha ba, ruwan ban-ruwa ko na sama zai gangara da shi ƙasa.

Lissafi mai sauƙi zai nuna girman al'amarin. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Idan duk ya juye zuwa naitret, zai ba da kimanin kilo 102. Da a ce kashi ɗaya cikin goma ne kacal ya zurara ƙasa, wato kimanin kilo 10, wannan ya isa ya kai lita 200,000 na ruwa mai tsabta iyakar da doka ta gindaya. Lita 200,000 kuwa daidai take da duro 1,000.

Ba kowace gona ce ke zubar da naitret daidai da wata ba. A gonar shinkafa da ruwa ke kwance, iska ba ta shiga laka, kuma a irin wannan yanayi wasu bakteriya kan mayar da naitret iskar naitirojin ta tashi sama. Lambun albasa ko na tumatir a ƙasa mai yashi, wanda ake shayarwa a kai a kai, shi ya fi tura naitret ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce salga da turken dabbobi da juji. A cikin gari wannan ita ce hanya mafi girma. Fitsari da bayan gida da kashin dabbobi duk suna cike da naitirojin, kuma idan salga ta yi kusa da rijiya, ko zurfinta ya kusa taɓa ruwa, abin da ke cikinta zai tsiyaya zuwa rijiyar. Yawan naitret a rijiyar gida sau da yawa alama ce ta cewa ƙwayoyin cutar gudawa ma suna samun hanya.

Hanya ta uku ita ce ambaliya. A irin ambaliyar da ta auku a kwarin Rima cikin watan Satumba na 2010, ruwa kan cika salga da turke, ya kwashi abin da ke ciki ya zuba a rijiyoyin da ba su da dakali ko murfi. Ko babu ambaliya, ruwan saman farkon damina yakan wanke abin da ya taru a ƙasa tsawon rani ya gangara da shi.

Iyakar da aka gindaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da miligiram 50 na naitret a kowace lita a matsayin iyakar ruwan sha. Ƙa'idar Ingancin Ruwan Sha ta Najeriya, wadda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta fitar a 2007 mai lamba NIS 554, aka kuma sabunta ta a 2015, ita ma ta tsaya a kan miligiram 50. Wajibi ne jami'ai su lura da yadda aka rubuta sakamakon gwaji, domin wasu ɗakunan gwaji naitirojin ɗin da ke cikin naitret kawai suke aunawa, kamar yadda ake yi a Amurka inda iyakar take miligiram 10. A irin wannan rubutu, sai a ninka adadin da 4.43 kafin a kwatanta shi da 50. Rijiyar da aka rubuta mata 15 ta wannan hanya, a haƙiƙa tana da kimanin 66, wato ta haye iyaka.

Illa ga lafiya

A cikin hanjin jariri, bakteriya kan juya naitret zuwa naitrayit. Shi kuma naitrayit yana shiga jini ya ɓata himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. Idan ɓarnar ta yi yawa, leɓɓa da harshe da dasashi da ƙarƙashin farcen jariri kan koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka, numfashi ya yi sauri, jiki ya saki, ya ƙi kama nono. Wani likita mai suna Hunter Comly ne ya fara danganta wannan ciwo da ruwan rijiya a jihar Iowa ta Amurka a shekarar 1945. Jariran da ba su kai wata shida ba su ne cikin haɗari, musamman 'yan ƙasa da wata uku, kuma gudawa tana ƙara tsananta shi. Ciwon yana da magani a asibiti idan an hanzarta, kuma jinkiri yana iya kai wa ga rasa rai.

Babbar kariya ita ce shayar da nonon uwa zalla har tsawon wata shida, domin naitret ɗin da uwa ta sha ba ya wucewa cikin nono da yawan da zai cutar. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da aka ba jariri ruwa, ko jiƙo, ko aka dama masa madarar gwangwani da ruwan rijiya. Game da manya kuwa, Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Duniya ta sanya naitret da naitrayit da ake ci ko sha, a yanayin da suke haɗuwa da wasu sinadarai a cikin ciki, a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar daji. Haka zalika shanu, tumaki da awaki suna iya mutuwa farat ɗaya idan suka sha ruwan da taki ya narke a ciki.

Abubuwan da ba sa cire naitret

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma naitret ba ya tashi da tururi. Ruwan ne ke raguwa, naitret ɗin ya ƙara kauri a abin da ya saura. Alif yana kwantar da laka ne kawai. Kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai. Tacewa da ƙyalle, ajiyewa a randa, da jefa gawayin girki duk ba sa rage shi yadda za a dogara da su.

Hanyoyin da aka daɗe da tabbatarwa

Ta farko ita ce sauya rijiya ko haƙa mai zurfi wadda aka toshe samanta da siminti, don kada ruwan fadama ya gangara ta gefen bututu. Ta biyu ita ce gauraya ruwa mai naitret da mai tsabta: lita ɗaya mai miligiram 80 da lita ɗaya mai miligiram 10 za su ba da ruwa mai miligiram 45. Ta uku ita ce matata mai ƙwayoyin roba masu musanya, waɗanda ke kama naitret su saki kulorayid, ana kuma wanke su da ruwan gishiri. Birnin Des Moines na Amurka yana da babbar matata irin wannan tun farkon shekarun 1990. Ta huɗu ita ce tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai matsattsun ƙofofi, irin na'urar da masu ruwan leda da dama ke amfani da ita. Ta biyar ita ce amfani da bakteriya su mayar da naitret iska. Hanyoyi uku na ƙarshe suna bukatar lantarki, ko kayan gyara, ko ƙwararren ma'aikaci, abin da ya sa masana ke neman wata hanya mai sauƙi domin karkara.

Mene ne fasahar nano?

Nanomita shi ne kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000. Ana kiran abu kayan nano idan girman ƙwayoyinsa yana tsakanin nanomita 1 zuwa 100.

Amfanin wannan ƙanƙanta yana cikin faɗin jiki. Kamun naitret a bayan ƙwaya yake faruwa, kamar yadda ƙura ke manne wa riga, don haka gwargwadon faɗin jikin abu, gwargwadon abin da zai kama. Dunƙulen ƙarfe mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana da faɗin jiki murabba'in santimita 6. Idan aka farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita 10, jimillar faɗinsu za ta kai murabba'in mita 600, wato fiye da filin gida mai ƙafa 50 da 100, alhali nauyin bai canza ba. Kowace mace ta san cewa dakakkiyar kanwa ta fi dunƙule saurin aiki a tukunya. Ƙa'idar guda ce.

Tunda naitret yana ɗauke da caji mai alamar ɗebewa, abin da ake bukata shi ne a sa jikin ƙwayoyin ya ɗauki caji mai alamar tarawa, domin ya janyo shi ya riƙe.

Ire-iren kayan da ake gwadawa

1. Garin ƙarfe zalla. Masana a Jami'ar Lehigh ta Amurka ne suka fito da shi a 1997, da farko domin tsarkake ruwan da sinadaran masana'antu suka gurɓata. Aikinsa ya wuce kamu: yayin da yake yin tsatsa yana wargaza naitret ɗin. Matsalarsa ita ce mafi yawan naitret ɗin amoniyam yake komawa, wanda shi ma sai an cire shi da wata matata. Bugu da ƙari, ya fi aiki a ruwa mai ɗan tsami, kuma ƙwayoyinsa suna saurin dunƙulewa.

2. Garin baƙar tsatsa mai jin maganaɗisu. Ana lulluɓe shi da wani sinadari mai kama naitret, a gauraya da ruwa, sannan a janye shi da maganaɗisu.

3. Yumɓun haɗi mai hawa-hawa. Ana haɗa shi daga magniziyam da alminiyam ko ƙarfe. Saɓanin yumɓun gona, hawansa suna ɗauke da caji mai alamar tarawa, don haka naitret ke shiga tsakaninsu ya maƙale.

4. Gawayin sauran amfanin gona. Ana ƙona ɓuntun shinkafa, totuwar masara ko kara a wurin da iska ba ta shiga sosai, sannan a ɗora wa gawayin ƙwayoyin ƙarfe ko na magniziyam. Gawayin shi kaɗai ba ya kama naitret sosai. Wannan nau'i shi ya fi dacewa da yankin Rima, inda ɓuntun shinkafa ke jibge a wuraren casa.

5. Kaitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, da kuma siraran bututun kabon da girafin. Na ƙarshen biyu suna da tsada ƙwarai.

Matsayin fasahar da matsalolinta

Mafi yawan sakamakon da ake bayarwa game da cire naitret da kayan nano daga ɗakin gwaji ya fito, inda ake narka naitret shi kaɗai a ruwa mai tsabta. Ruwan rijiya ba haka yake ba. Yana ɗauke da salfet, kulorayid, baikabonet da fosfet, dukansu masu caji irin na naitret, kuma suna rige shi kama gurbi. Wannan ya shafi yankinmu kai tsaye: shimfiɗun Dukamaje da Dange suna da jifsam wanda ke sakin salfet, shimfiɗar Kalambaina kuwa dutsen farar ƙasa ce mai sakin baikabonet. Saboda haka duk wani gari da za a kawo, wajibi ne a gwada shi da ruwan rijiyoyin nan kansu.

Matsala ta biyu ita ce cika. Jarka mai lita 20 ta ruwa mai miligiram 100 a lita tana bukatar a cire mata miligiram 1,000 kafin ta sauko iyaka. Idan aka ɗauka, domin misali, cewa giram ɗaya na gari yana riƙe miligiram 20, to kowace jarka za ta cika giram 50. Gidan da ke shan jarka uku a rana zai cika kilo huɗu da rabi a wata. Da zarar gari ya cika, ruwa zai wuce yadda ya shigo, wani lokaci ma ya saki abin da ya riƙe a baya, kuma mai gida ba zai gane da ido ba.

Matsala ta uku ita ce tsaron lafiya. Ƙwayoyin sun fi ƙarfin matatar ƙyalle ko ta yashi, don haka dole a manne su a jikin wani abu mai girma, kamar gawayi ko ƙwallayen roba, don kada a sha su. Ta huɗu ita ce inda za a zubar da cikakken garin da ruwan gishirin da aka wanke shi da shi. Idan aka zubar kusa da rijiya, an koma gidan jiya. Wata mafita da ake nazari ita ce a mayar da cikakken gawayi gona a matsayin taki, matuƙar ba a haɗa shi da abu mai guba ba.

A taƙaice, fasahar tana da alamun amfani, amma har yanzu ba ta kai matsayin da ƙaramar hukuma za ta dogara da ita a madadin rijiya mai kyau ba. Ana shawartar jama'a da kada su sayi wani gari ko matata da aka ce tana cire naitret sai da lambar NAFDAC ko ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, tare da gwajin ruwa kafin amfani da bayansa.

Abin da ya kamata a yi

Ga magidanta: a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin salga ko turke da rijiya, salgar ta kasance ta gangare, ƙasanta kuma ya ɗara ruwa da aƙalla mita ɗaya da rabi. A yi wa rijiya dakalin siminti da murfi da magudana. Kada a sha ruwan rijiyar lambu, kada kuma a ajiye buhun taki ko a wanke shi a bakin rijiya.

Ga manoma: a raba taki kashi biyu ko uku gwargwadon girman shuka, a binne shi, kada a malale gona da ruwa mai yawa bayan an zuba. Takin da ya zurara ƙasa kuɗin manomi ne ya salwanta. Masu shinkafa su tuntuɓi malaman gona game da dunƙulen yuriya da ake binnewa cikin laka.

Ga uwaye da ungozomomi: nono zalla har wata shida. Idan aka ga launin leɓe ko harshen jariri ya canza, a garzaya asibiti nan take, a kuma tafi da ruwan da aka ba shi cikin kwalba mai tsabta.

Ga jami'an ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da kwamitocin ruwa da tsafta: a riƙa gwada rijiyoyin jama'a sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina, da kuma bayan kowace ambaliya. A fara da na asibitoci, makarantu, kasuwanni da masallatai. Akwai 'yar takardar gwaji mai canza launi da ke ba da sakamako cikin minti ɗaya ko biyu. Duk rijiyar da ta nuna kusan 50 sai a aika da ruwanta ɗakin gwaji cikin kwalba mai sanyi. A buɗe rajista mai ɗauke da sunan rijiya, zurfinta, rana da sakamako. Rijiyar da ta haye iyaka a yi mata alama a sanar da jama'a. Ba sai an rufe ta ba, domin ruwanta yana da amfani ga wanka, wanki da ban-ruwa. Ana iya neman shawara daga Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Jiha, Hukumar Samar da Ruwa da Tsafta a Karkara, da sassan kimiyya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Kammalawa

Naitret ɗin da ya riga ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauki shekaru kafin ya wanke, ko da an daina zuba shi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa doka a kansa tun 1991, amma har yau suna da rijiyoyin da suka haye iyaka. Rigakafi ya fi magani. Matakin farko ga kowane gari a Goronyo, Wurno da Rabah shi ne a san adadin da ke cikin rijiyar da ake sha, domin a kan wannan adadi ne za a yanke shawarar gyara ta, sauya ta, ko tace ruwanta.